Radon: gaz ɗin da ya ci sunan ubansa

A darasin shimi na lise an sa mu haddace shi a layin ƙarshe na teburin sinadarai: Rn, lamba 86. Ni kam sunan ne ya tsaya mini a rai, shi ya sa na bi sawunsa.

Tushensa kalmar Latin ce, radius, wato tsinken haske. Daga ita Marie da Pierre Curie suka raɗa wa ƙarfen da suka gano a Faransa a 1898 suna radium. A 1900 wani Bajamushe, Friedrich Ernst Dorn, ya lura cewa radium yana fitar da wani gaz mai tururin nukiliya. Aka daɗe ana ce masa emanation kawai, ma'ana abin da ke fitowa. Kamar dai jinjirin da aka wuce bakwai ba a yanka masa rago ba.

A 1910 William Ramsay da Robert Whytlaw-Gray suka auna nauyinsa a Landan, suka ce a kira shi niton, daga nitens, mai sheƙi, don yana haske in an sanyaya shi ya zama ruwa. Suna ne mai daɗi, amma bai zauna ba. A 1923 kwamitin masana shimi na duniya ya amince da radon: rad- na uban, -on na danginsa su argon da neon.

Ni na fi son radon ɗin. Niton yaudara ce, ai a cikin ɗaki ko rami ba ya wani sheƙi, ba launi, ba wari. Radon kuwa yana faɗa maka asalinsa: ɗan radium ne, radium kuma daga iraniyom ya fito. Kun ga inda zancen ya zo gida, ko?

Tun ƙarni na 16 masu haƙar ma'adini a Schneeberg ta Jamus suke mutuwa da abin da suke kira ciwon dutse. Sai 1879 likitoci suka gane kansar huhu ce. Rabin radon yakan lalace cikin kwana 3.8, burbushin da ya bari shi ke maƙalewa a huhu, har ya zama sanadi na biyu na wannan kansa bayan taba. Mu nan, ramin Cominak da ke Akokan, kusa da Arlit, ya yi aiki daga 1978 zuwa 2021, kuma ƴaƴan Nijar ne suka yi ta shaƙar iskar cikinsa.