Sarrafa firintoci daga nesa: yadda tsarin yake da bayanan da yake tarawa

Banki ko hukumar gwamnati mai rassa a garuruwa masu yawa ba za ta iya ajiye ƙwararren kwamfuta a kowane ofishi don kula da firinta ba. Abin da manyan ma'aikatu suke yi shi ne haɗa firintocinsu duka a layin sadarwa guda, sannan ma'aikata ƙalilan a hedikwata su riƙa sa musu ido ta allon kwamfuta.

Kowace firinta ana ba ta adireshinta a layin. Wata manhaja a hedikwata tana tuntuɓar ta lokaci zuwa lokaci ta hanyar ƙa'idar SNMP, wadda aka fito da ita a 1988, ita kuma firintar ta ba da rahoton yawan tawadar da ta rage, da shafukan da ta buga, da ko takarda ta maƙale. Daga can ake sabunta manhajarta, a ƙayyade wanda zai iya buga mai launi, a kuma tura tawada reshe tun kafin ta ƙare. A da kusan kowane babban reshe yana da uwar garke tasa ta buge-buge. Yanzu ma'aikatu da dama sun mayar da aikin kan intanet, ta tsare-tsare irin su Universal Print na Microsoft.

Sauƙin a bayyane yake. Abin da ba kasafai ake gaya wa ma'aikata ba shi ne rajistar da tsarin yake ajiyewa: sunan wanda ya tura takarda, da sunan takardar, da lokaci, da firintar da ta fitar da ita. A inda sai an goga katin shaida kafin takarda ta fito, da wuya mutum ya iya musanta cewa shi ne.

Wannan rajista ta taɓa kai mutum kurkuku. A 2017 Reality Winner, wadda take aikin kwantiragi da Hukumar Tsaron Ƙasa ta Amurka, ta buga wani rahoton sirri kan yunƙurin kutsen Rasha a zaɓen 2016, ta aika wa jaridar The Intercept. Jaridar ta nuna wa hukumomi kwafin don tabbatar da sahihancinsa, su kuma suka lura da alamar ninki a jikinsa, wato an buga shi ne aka fitar da hannu. Da aka duba rajista sai aka ga mutum shida ne kacal suka buga shi. An kama ta a watan Yunin wannan shekara, a 2018 kuma aka yanke mata ɗaurin shekara biyar da wata uku. Masu bincike sun kuma gano ƙananan ɗigo-ɗigo masu ruwan ɗorawa a kwafin da aka wallafa, irin waɗanda firintoci masu launi da yawa suke zubawa a kowane shafi, ɗauke da lambar na'urar da ranar bugawa. Ido ba ya ganin su cikin sauƙi. Duk ɗan jaridar da ya wallafa hoton takardar da aka ba shi a asirce ba tare da ya sake rubuta ta ba, yana wasa ne da 'yancin wanda ya amince da shi.

Sai batun masu kutse. Ƙofar da hedikwata take bi ta isa firintocin rassa, ita ce ɓarawo yake nema. A tsakiyar 2021 aka bankaɗo wani rauni a sashen Windows mai jera takardun da za a buga, wanda aka laƙaba wa PrintNightmare. Yana iya ba maharin cikakken iko da kwamfuta daga nesa. Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa a watan Yuli, a watan Agusta kuma ya sa dokar cewa sai mai izinin gudanarwa ne zai iya girka manhajar firinta. Wannan ya toshe kafa, amma ya bar ma'aikatan rassa suna jiran hedikwata kan aikin da a da suke yi da kansu.

Ko lalacewar firinta ma ba kullum take zama ƙaramin abu ba. A Fabrairun 2016 ma'aikatan Babban Bankin Bangladesh suka tarar firintar da take fitar da shaidar hada-hadar SWIFT ta tsaya, suka ɗauka matsala ce irin wadda aka saba. Ashe masu kutse ne suka hana ta aiki don kada a ga umarnin biyan kuɗi na bogi da suka aika wa Babban Bankin Amurka reshen New York. Kafin a farga dala miliyan 81 sun shige asusun wani banki a Filifin, gwamnan bankin Atiur Rahman kuma ya ajiye muƙaminsa a watan Maris.