Tarihin Awon Jini a Ƙasar Cake, Mayahi da Tasawa

Tun kafin madubin likita ya iso ƙasar Hausa ana duba jinin mutum don a gane lafiyarsa. A ƙauyukan gundumomin Mayahi da Tasawa na jihar Maraɗi, inda garin Cake yake, wanda takardun hukuma ke rubutawa Tchaké, wanzami ne ya fara riƙe wannan aiki, kuma gadonsa yake yi daga uba zuwa ɗa. Shi ke aski da kaciya, shi ke yin ƙaho. Yakan kafa ƙahon a bayan mutum ko a ƙeyarsa, ya tsotse iskar da ke ciki ya toshe kafar, in wurin ya taso ya tsattsaga da aska ya sake kafawa. Jinin da ya taru, in ya fito baƙi da gudaji, sai a ce matacce ne, shi ya hana jiki sakewa. Ilimin likita ya nuna cewa duk jinin da ya kwanta cikin ƙaho sai ya yi duhu ya daskare, ko da na mai ƙoshin lafiya ne, don haka launinsa ba ya nuna cuta. Amma wasu dubarun na gargajiya sun tsaya da ƙafarsu. Tsohuwar da ke jan fatar idon jikanta, ko ta buɗe tafin hannunsa ta ga ya yi fari fat ta ce yaron nan ba shi da jini, gaskiya ta gani. Haka wanda ya ga ido ya yi rawaya ya ce shawara ce. Har yau littattafan Hukumar Lafiya ta Duniya suna koya wa ma'aikatan jinya duba tafin hannun yaro a wurin da babu kayan awo.

Zazzaɓin cizon sauro yana da babban matsayi a tarihin awon jini na zamani. A 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar cutar cikin jinin wani majinyaci a Aljeriya. A 1897 Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ke ɗauke da ita, a 1901 kuma Karl Landsteiner ya rarrabe rukunonin jini. Daga binciken zazzaɓin aka samo awon da ma'aikatan lafiya na Nijar ke kira gut-epes: a huda ɗan yatsa, a ɗiga jini kan gilashi, a bar shi ya bushe, a rina shi, sannan a duba da madubi a ƙirga ƙwayoyin cutar.

Faransawa sun shigo wannan ƙasa da wuta. Rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ta a 1899 tana ƙone garuruwa, kuma a kusa da Tasawa jagororinta biyu suka gamu da ajalinsu. Tasawa ta zama mazaunin kwamanda kafin Maraɗi ta karɓe matsayin cikin shekarun 1920. An kafa hukumar kula da lafiyar ƴan ƙasa a Afirka ta Yamma ta Faransa a 1905, aka buɗe makarantar likitoci a Dakar a 1918, amma likitocin kaɗan ne, kuma sojoji da ma'aikatan gwamnati suka fi amfana. Abin da ya kai awo ƙauye shi ne ayarin likitoci masu yawo. Eugène Jamot ya shimfiɗa tsarin a Kamaru wajen yaƙi da ciwon barci, Gaston Muraz ya kafa masa hukuma a Bobo-Dioulasso a 1939, a 1945 kuma aka faɗaɗa aikin ya haɗa da kuturta, tunjere, sanƙarau da ciwon ido. Ƙudan tsando mai kawo ciwon barci ba ya zama a jigawar Mayahi, don haka waɗannan sauran cututtuka da lambar agana ne suka shafi yankin. Umarni kan fito daga kwamanda zuwa sarki, daga sarki zuwa mai gari, a tara jama'a a jera su layi a duba su ɗaya bayan ɗaya. Tsarin ya ceci rayuka masu yawa, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai ya bar wani tabo: awo ya shigo a matsayin aikin hukuma kamar ƙidaya da haraji, sakamakon ya tafi cikin rijistar likita, wanda aka ɗebi jininsa bai ji abin da aka gani ba. Zargin da ake ji har yanzu cewa jinin da aka ɗiba sayar da shi ake yi yana da saiwa a irin wannan shiru.

Bayan samun ƴancin kai a 1960, Nijar ta ɗauki wata hanya da ta yi suna. Cikin shekarun 1960 aka fara horar da mutanen ƙauye, namiji mai akwatin magani da ungozoma, kuma ƙasar Maraɗi na cikin wuraren da aka fi gwada wannan tsari. Guy Belloncle da Georges Fournier sun rubuta littafi a kansa a 1975, shekara uku kafin taron Alma-Ata ya mai da irin wannan tunani manufar duniya. A akwatin akwai kulorokin, babu kayan awo. Duk masassara ana ɗaukarta ta sauro ce, a ba da magani nan take. Lokacin da kulorokin ke da arha kuma yana aiki, wannan hukunci ne mai ma'ana. Da ƙwayar cutar ta daina jin sa, Nijar ta koma ga haɗin magungunan artemisinin a 2005, kuma sabon maganin ya fi ƙarfin a riƙa rarraba shi kan zato. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da cutar ta hanyar awo kafin a ba da magani.

A tsakanin nan fasalin gidajen likita ya sauya. Shirin Bamako na 1987 ya kawo biyan kuɗin magani, aka raba ƙasa gundumomin lafiya, kowace da asibitinta da cibiyoyin da ake kira CSI. Daga 2001 shirin musamman na Shugaba Mamadou Tandja ya gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. Yunwar 2005 ta jawo ƙungiyoyin agaji jihar Maraɗi da cibiyoyin jinyar tamowa, a 2006 kuma gwamnati ta ayyana kyauta ga kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki. Cikin wannan tsari ne ɗan ƙaramin awon zazzaɓin sauro na roba, TDR, ya isa inda ba wuta ba madubi. Ɗigon jini ɗaya da ɗigon ruwan haɗi, cikin minti 15 zuwa 20 sakamako ya fito. Layi biyu na nufin an ga alamar cutar, layi ɗaya a gurbin C na nufin ba a gani ba, in kuwa gurbin C bai fito ba awon ya lalace sai a sake. Yana da iyaka da ya kamata a sani. Abin da yake kamawa wani sinadari ne da ƙwayar cutar ke saki, wanda kan daɗe cikin jini makonni bayan an warke, don haka layi biyu ga wanda ya gama shan magani makon jiya ba ya nuna maganin bai yi ba. Kuma da damina yaro kan iya ɗauke da ƙwayar a jini alhali ciwon huhu ne ke ba shi zazzaɓi. Mafi wuyar karɓa shi ne layi ɗaya. Uwar da ta tako daga nesa da yaro jikinsa rau, aka ce mata ba sauro ba ne aka sallame ta ba bayani, za ta biya wurin mai tallar magani a kasuwa, kuma ba za a ga laifinta ba. Ma'aikacin da ya tsaya ya nemi musabbabin zazzaɓin, ya ce ta dawo in an kwana biyu ba sauƙi, shi ya cika aikin awon.

Awon da ya fi raba rai da mutuwa a yankin shi ne na yawan jini, wato himogulobin. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da sauro ya yi yawa kuma rumbu ya yi ƙasa kafin sabon gero ya shigo, ɗakunan yara a asibitocin gunduma kan cika da masu ƙarancin jini. Ana lissafa himogulobin da giram cikin desilita. Namiji baligi ana so ya kai 13, mace 12, mai ciki 11, ƙaramin yaro shi ma wajen 11. Ƙasa da 7 ga yaro ko mai ciki ƙaranci ne mai tsanani. Yaron da nasa ya faɗi ƙasa da 4, ko ya ɗan ɗara haka amma yana haki, ƙarin jini yake buƙata ba tare da jinkiri ba. Lambar ba ta faɗin dalili. Zazzaɓi ne ya farfasa ƙwayoyin jinin, ko rashin sinadarin ƙarfe a abinci, ko tsutsar ciki, ko haihuwa kusa da kusa, wannan sai likita ya bincika. Rigakafin zazzaɓi na damina, wanda aka fara ba yara a Nijar a 2013, an yi shi ne don rage wannan cunkoso.

Ƙarin jini ya zo da nasa tarihi. Yawancin ledojin da ake ƙarawa dangi ne ke bayarwa, kuma tsoron cewa jinin da aka ɗiba ba ya dawowa ya sa magidanta da yawa ja da baya a ƙofar asibiti. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki kuma yana mayar da ruwansa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyinsa cikin ƴan makonni. Bayan da aka tabbatar da ɓullar sida a Nijar a 1987, tantance jinin mai bayarwa ya zama wajibi: a yau ana neman ƙwayar sida, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Ta nan ne maza da yawa da ba su taɓa zuwa awo ba ke fara jin cewa suna ɗauke da ciwon hanta na B. Takarda in ta ce AgHBs ya fito, ma'anarta ƙwayar na jiki, ba ta ce hanta ta lalace ba. Mutane da yawa sun ɗauke ta tun suna jarirai, suna kuma rayuwa da ita shekaru ba ciwo, amma ana buƙatar ƙarin awo don sanin wanda ya kamata ya fara magani, a kuma auna iyalinsa. Allurar rigakafinta ta shiga jerin alluran jarirai na Nijar a 2008, don haka waɗanda aka haifa kafin nan ne suka fi buƙatar a duba su.

Amosanin jini cuta ce da aka sani tun kaka da kakanni ta wurin yaron da ƙasusuwansa ke ciwo da hunturu, ido ya yi rawaya, girma ya ƙi. Ana ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar a Nijar yana ɗauke da irin, kuma Anthony Allison ya nuna a 1954 dalilin yawansa a ƙasashen sauro: mai AS, wato wanda ya gaji irin daga ɗaya cikin iyayensa, yana da ɗan kariya daga zazzaɓi mai tsanani. Mai AS ba majinyaci ba ne. Matsalar tana tasowa in AS ya auri AS, domin kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato cutar kanta, kuma lissafin sabo ne a kowace haihuwa, ɗan fari mai SS ba ya kuɓutar da ƙannensa uku. Tsohon awon Emmel, wanda ya samo asali tun 1917 kuma ƙananan ɗakunan awo ke yi, yana nuna akwai irin ne kawai, ba ya raba AS da SS. Wanda ke rabawa shi ne elektiroforez. An buɗe cibiyar ƙasa ta wannan cuta a Yamai, a Kano kuma dokar 2024 ta wajabta awo kafin aure. A inda auren zumunta ke da ƙarfi, awon ya fi amfani tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, domin bayan an sa rana iyaye ba sa son jin abin da takarda ta ce.

Akwai awon da ya fi samun karɓuwa fiye da yadda ya cancanta, shi ne Widal na taifot, wanda aka ƙirƙiro a 1896. Yana kama garkuwar da jiki ya yi ne, wadda kan wanzu daga tsohon kamu, wani lokaci ma zazzaɓin sauro kan sa ta hau. Awo ɗaya na Widal bai isa hujja ba, amma a kansa ake ɗora wa mutane da yawa magungunan kashe ƙwayoyin cuta masu tsada. Tabbataccen awo shi ne renon ƙwayar daga jini, sai a manyan asibitoci.

Ciwon sukari ya shigo sahun awo daga baya. Ana yin sa da safe kafin a karya kumallo, bayan awa takwas ba ci, kuma sai an samu giram 1.26 cikin lita ko fiye har sau biyu ake tabbatar da cutar. A nan kan iyaka ke kawo ruɗani, domin mutanen Tasawa da Mayahi suna zuwa jinya Katsina da Kano kamar yadda suke zuwa Maraɗi da Damagaram. Abin da takardar Nijar ta rubuta 1.26, ta Najeriya za ta rubuta shi 126 ko 7, gwargwadon ma'aunin da aka ɗauka. Haka yawan jini: a Najeriya an fi rubuta PCV, wanda kusan ninki uku ne na himogulobin, don haka 33 a Katsina daidai yake da 11 a Mayahi. Takarda ɗaya da Faransanci, ɗayar da Ingilishi, majinyacin kuwa Hausa yake ji. Ɗakunan awo na asibitocin gunduma a Mayahi da Tasawa su ne matakin da mutumin Cake ke fara kaiwa in awon CSI bai wadatar ba. Abin da ya fi ƙarfinsu, kamar ƙirga yawan ƙwayar ciwon hanta cikin jini, ana tura shi Maraɗi ko Yamai.