Douglas Cardinal: Mai zanen ginin da ya ƙi miƙaƙƙen layi

Yau Kanada za mu leƙa, wajen wani mai zanen gine-gine, Douglas Cardinal.

An haife shi a Calgary a 1934, kuma yana da jinin 'yan asalin ƙasar, wato mutanen da Turawa suka tarar a can. A zamanin yarintarsa, ana kwashe 'ya'yansu a kai su makarantun kwana na coci domin a raba su da harshensu da al'adarsu. Shi ma makarantar kwana ta Katolika ya yi. Ya fara karatun zanen gini a Vancouver, abin bai yiwu ba, sai a Texas ta Amurka ya kammala a 1963.

Idan kuka ga ginin Cardinal, ba sai an faɗa muku ba. Bango yana lanƙwasa kamar ruwa ya zaizaye dutse. Haka cocin St. Mary's na Red Deer yake, wanda aka gama a 1968, haka kuma babban gidan tarihin Kanada da aka buɗe a 1989.

Amma ni, aikin da ya fi kama min hankali shi ne ƙauyen Oujé-Bougoumou a Quebec. Mutanen Cree ne, waɗanda masu haƙar ma'adinai suka yi ta tayar da su daga wannan wuri zuwa wancan shekara da shekaru. Da suka ci nasarar samun ƙasarsu, suka kira Cardinal. Bai zo da zane a aljihu ba. Ya zauna da dattawa da matasa, ya ji yadda suke son zamansu, sannan ya ɗauki alƙalami. Aka tsara ƙauyen a zagaye, ana ɗumama gidaje da dusar katako daga injin yankan itace na kusa. A 1995 Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama ƙauyen. Shi ne kuma ya zana ginin jami'ar 'yan asalin ƙasa da ke Regina.

To, sai abin takaicin. Shi ya zana gidan tarihin 'yan asalin Amurka da ke Washinton, amma a 1998 aka cire shi daga aikin bayan saɓani kan kuɗi da kwangila. Wasu suka ƙarasa ginin bisa zanensa. Da aka buɗe a 2004, bai je bikin ba.