Yadda ake bambance jinsunan rockcress, ciyawar dutsen da suna ke ba ta kariyar doka

Rockcress suna ne da Turawa ke kiran wasu ƙananan tsirrai masu fitowa a tsagar duwatsu da busassun gangare. 'Yan gida ɗaya ne da kabeji da lansir, shi ya sa furensu ke da falle huɗu masu siffar gicciye, 'ya'yansu kuma suke jere cikin siririn kwanso mai tsawo. A ido duk kamanninsu ɗaya, amma a Amurka sunan da masana suka laƙaba wa ɗayansu shi ke yanke ko doka za ta kare shi, ko a bar shi ga masu aikin hanya.

Suna ɗaya, zuriya biyu

Shekaru da dama ana tara galibin waɗannan tsirrai a rukuni guda mai suna Arabis. A 1976 ma'aurata masana tsirrai, Áskell da Doris Löve, suka ware wasu na Arewacin Amurka suka raɗa masu Boechera, don karrama masanin Danmak Tyge Böcher. Hujjarsu tana cikin ƙwayar halitta: tushen adadin kuromosom na Arabis 8 ne, na Boechera kuwa 7. Masana da yawa ba su karɓi rabon nan take ba, sai da binciken DNA ya nuna cewa rukunan biyu ba su da kusancin da kamanninsu ke nunawa. A 2003 Ihsan Al-Shehbaz, haifaffen Iraƙi mai aiki a lambun binciken tsirrai na Missouri, ya mayar da mafi yawan na Arewacin Amurka cikin Boechera. Kundin tsirran yankin da ya fito a 2010, wanda ya rubuta babin wannan rukuni tare da Michael Windham, ya lissafa jinsi sama da 100.

Me ya sa suke rikita masana?

Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko, jinsunan Boechera suna barbarar juna cikin sauƙi idan sun tsiro kusa, sai a samu 'yan ruwa biyu masu ɗauke da alamun kowane ɓangare. Na biyu, da yawa daga 'yan ruwa biyun suna fitar da iri ba tare da ƙwayar uba ta shiga cikin ɗan tsiron ba, don haka kowane tsiro da ya fito kwafin uwarsa ne sak. Böcher ne ya bayyana wannan ɗabi'a a 1951, daga tsirran da ya nazarta a tsibirin Girinlan. Sakamakon haka, gaurayen da ya kamata ya ɓace bayan zuriya ɗaya ko biyu sai ya dawwama, ya mamaye gangare guda, ya yi kama da jinsi mai zaman kansa.

Alamun da ake dubawa

Launin fure ba ya raba gardama, domin yawancinsu tsakanin fari ne da shunayya. Masana sun fi dogara da abubuwa huɗu.

Gashin ganyen gindi. Da gilashin ƙara girma ake duba shi. Wani gashin siƙe yake, wani mai reshe biyu, wani kuma mai rassa kamar bishiya. Boechera stricta gashinta ƙalilan ne, mai kai biyu, kwance a jikin ganye, ita kuwa Boechera retrofracta ganyenta cike yake da ƙananan gashi masu rassa da yawa.

Tsayuwar kwanso. Na stricta a miƙe yake sama, manne da kara. Na retrofracta ya tanƙwaro ƙasa. Inda aka ga kwanso ya buɗe gefe, tsaka-tsakin biyun, sau da yawa alamar gauraye ce, kuma an daɗe ana jibga irin waɗannan a ƙarƙashin suna guda, divaricarpa.

Jerin 'ya'ya. A wasu jinsunan layi ɗaya suke yi a kowane ɓarin kwanso, a wasu, kamar stricta, layi biyu.

Ƙurar fure. Wannan sai da madubin hangen ƙananan halittu. A jinsunan da ke haihuwa ta barbara ƙwayoyin ƙurar dogaye ne kamar ƙwai, a masu kwafar kansu kuwa sun fi zama kewayayyu.

Saboda haka samfurin da aka tsinko babu ganyen gindi ko nunannen kwanso ba ya wadatarwa. Akwai ma wani tarkon: naman gwarin Puccinia monoica yakan kama tsiron, ya mayar da ganyensa na sama rawaya mai ƙamshi kamar fure, har ya yaudari ƙwari da masu tsinka. Inda ido ya gaza, gwajin DNA ne ke nuna iyayen kowane gauraye.

Inda suna ya zama batun doka

Dokar kare halittun da ke fuskantar ɓacewa ta Amurka, ta 1973, tana kare abin da aka sanya cikin jerinta ne da sunansa. Misali mafi bayyana shi ne Arabis serotina, wadda ba ta fitowa sai a wasu busassun gangaren duwatsu na jihohin Bajiniya da Bajiniya ta Yamma. Edward Steele ya bayyana ta a matsayin jinsi daban a 1911, daga baya aka haɗe ta da wani nau'i na Arabis laevigata, wadda ta fi ta yaɗuwa nesa ba kusa ba. A 1987 Thomas Wieboldt ya sake raba su, kuma babbar shaidarsa ita ce lokacin fure: laevigata tana fure a farkon ɗumi, wajen Afrilu da Mayu, serotina kuwa sai daga tsakiyar shekara zuwa Satumba. Ma'anar sunan nata ma ke nan da Latin, mai makara. A 1989 aka shigar da ita jerin kariya, wanda ya wajabta wa hukumomin tarayya tuntuɓar hukumar kula da kifaye da namun daji kafin duk wani aiki da ka iya shafar ta. Da an bar ta a ƙarƙashin sunan 'yar'uwarta, da babu abin da zai nuna cewa tana gab da ƙarewa.

Abin da ya shafi manomi

Ɗabi'ar kwafar kai da ke wahalar da masu tantancewa ita ce ta ja hankalin masu binciken noma. Manomin da ya shuka masara mai aure ya san cewa idan ya ajiye iri daga gonarsa ya maimaita, yabanyar ba za ta yi kamar ta bara ba, dole ya koma kasuwa kowace damina. Boechera tana cikin tsirran da aka fi nazarta don gano yadda za a sa amfanin gona ya riƙe ingancinsa daga zuriya zuwa zuriya, kuma kusancinta da Arabidopsis thaliana, tsiron da aka fara karanta ɗaukacin kundin halittarsa a 2000, ya sauƙaƙa aikin. Binciken yana tafiya ne ta hanyar kwatanta jinsi mai barbara da ɗan'uwansa mai kwafar kai, don haka kuskure wajen sanya suna tun a gindin dutse yana iya ɓata duk abin da aka gina a kansa a ɗakin gwaji.