Zaɓen Birtaniya na 1945: Yadda Gwarzon Yaƙi Ya Sha Ƙasa

A tarihin siyasar Birtaniya da wuya a sami zaɓen da ya ba duniya mamaki kamar na 1945.

A watan Mayu na shekarar Jamus ta miƙa wuya, kuma babu wanda ake yabo a Ingila kamar Firayim Minista Winston Churchill. Aka kaɗa ƙuri'a ran 5 ga Yuli, amma sai ran 26 ga watan aka bayyana sakamako, domin an jira ƙuri'un sojojin da ke ƙetare. Jam'iyyar Leba ta Clement Attlee ta lashe kujeru 393, ta kayar da jam'iyyar 'yan mazan jiya ta Churchill warwas.

To, me ya jawo haka? Talakawa ba su manta da rashin aikin yi da yunwar shekarun 1930 ba, lokacin da 'yan mazan jiya suka fi ƙarfi a gwamnati. Sannan a 1942 William Beveridge ya fito da rahoton da ya lissafa dodanni biyar da ke cin al'umma: fatara, cuta, jahilci, ƙazamin muhalli da zaman banza. Leba ta yi alkawarin yaƙar su gadan-gadan. Idan kiɗa ya canza, ai dole rawa ta canza.

Attlee bai yi sanya ba, ko da yake baitulmali ya bushe, har burodi sai da kati ake saye daga 1946. Gwamnati ta karɓi ma'adinan kwal a 1947, da jiragen ƙasa a 1948. Ran 5 ga Yuli 1948 Ministan Lafiya Aneurin Bevan ya buɗe tsarin kiwon lafiya na ƙasa, inda attajiri da lebura ke ganin likita ba tare da biyan ko sisi ba.

A 1951 Churchill ya dawo mulki, duk da cewa Leba ta fi yawan ƙuri'u a jimlace. Amma bai rushe tsarin lafiyar ba, don jama'a sun riga sun ɗanɗana.

Darasin a fili yake. Mutane sun gode wa Churchill da zuciya ɗaya, amma ƙuri'arsu suka ba wanda ya yi maganar asibiti, gida da aikin yi. Shugaban da ke taƙama da nasarar jiya, sai ya yi hattara.