Shekaru 36 Kafin Mario Ya Samu Gari

Ranar 18 ga Maris, 2021, aka buɗe Super Nintendo World a filin shaƙatawa na Universal Studios Japan da ke Osaka. Mai ziyara yakan kutsa cikin wani ƙaton bututu kore, ya ɓulla a fadar Gimbiya Peach, yana fitowa ya tarar da tuddai masu hawa-hawa, sulallan zinare na juyawa a samansu, furanni masu haƙora na leƙowa daga bakin bututu. Ginin ya ci sama da yen biliyan 60. To amma wasan Super Mario Bros. tun 1985 ya fito, kuma tun a lokacin yaran Japan da na Amurka suka haddace shi. Me ya riƙe Mario shekara 36 bai samu inda za a kai masa ziyara ba? Amsar da aka fi bayarwa ita ce fasaha ba ta kai ba. Tarihin sana'ar ya nuna wani abu dabam: jira aka yi yaran nan su girma su riƙe albashi, kamfanoni kuma sai da suka tafka asara kafin suka gane cewa ba na'ura mutane ke zuwa saye ba, shiga suke so su yi cikin wata duniya da suka sani tun ƙuruciya.

Ƙoƙarin farko ya zo ne daga masu ƙera na'urorin gidan gem, kuma tunanin masu na'ura suka yi. A bikin baje-kolin furanni na Osaka a 1990, kamfanin Namco ya nuna Galaxian 3, wasan harbi a sararin samaniya da mutum 28 ke bugawa lokaci guda, allo ya kewaye su. A 1992 ya buɗe filin Wonder Eggs a Tokyo. Sega ta biyo baya da Joypolis, na farko a Yokohama a 1994, sai na Odaiba a Tokyo a 1996. A wannan shekarar ta tsallaka Landan ta buɗe SegaWorld a ginin Trocadero, a 1997 ta buɗe wani a Sydney. Disney ma ta shiga da DisneyQuest a 1998. Duk alkawari ɗaya suke yi wa mai tikiti: zo ka ga abin da na'urar ɗakinka ba za ta iya ba. Matsalar ita ce alkawarin nan yana da ƙarshen wa'adi. PlayStation ta fito a Japan a Disamba 1994, ta biyu ta fito a 2000, hoton da a da sai ka biya kuɗin mota ka je ka gani ya shigo falo. Kowace shekara biyu ko uku sai an sauya na'urori masu tsada, ga hayar gini a tsakiyar birni ba ta jira. Na Landan ya rufe a 1999, na Sydney da Wonder Eggs a 2000, reshen DisneyQuest na Chicago a 2001. Joypolis na Odaiba ya rayu, amma daga baya Sega ta sayar da mafi yawan hannun jarinta a harkar. Abin lura shi ne Sega tana da Sonic, wanda a lokacin yake goga kafaɗa da Mario, amma a SegaWorld matsayinsa bai wuce na mai tarbar baƙi a ƙofa ba. Ba a gina duniyarsa ba, mutum-mutuminsa aka kafa.

Ɓangaren katun ɗin Japan, wato anime, ta wata hanya ya biyo, kuma shi ne ya fara gano bakin zaren. Lokacin da Osamu Tezuka ya fara Astro Boy a talabijin a 1963, ya karɓi kuɗin da bai kai abin da ake kashewa a kowane kashi ba, ya cike giɓin da kuɗin lasisi: hoton jarumin a kwalin cakulan ɗin Meiji, a kayan wasa, a kayan makaranta. Daga nan masana'antar ta saba da cewa fim talla ne, kuɗin yana wajen jarumi, kuma jarumi yana iya zama a ko'ina. Sanrio ta kai wannan tunani ƙarshensa da ta buɗe Puroland a 1990 domin Hello Kitty, wadda ba daga fim ta fito ba, daga jikin 'yar jakar tsaba ta fara. Amma hujjar da ta fi ƙarfi ta zo ne a bazarar 2009, lokacin cikar shirin Gundam shekara 30. Aka kafa mutum-mutumin ƙarfen nan mai tsayin mita 18 a wani lambu a Odaiba. Ba a hawansa, ba ya tafiya, iyakarsa ya juya kai, ya kunna fitilu, ya fesa hazo. Cikin ƙasa da wata biyu mutum sama da miliyan 4 suka je. Da yawansu magidanta ne da suka kalli shirin a 1979 suna 'yan firamare, suka zo su ɗaga kai su ga girman abin wasan da suka saba riƙewa a tafin hannu.

Wanda ya mayar da wannan darasi kasuwanci shi ne filin Universal na Osaka, kuma wuya ce ta sa. An buɗe shi a 2001 da finafinan Hollywood zalla, irin su Jaws da Terminator da Jurassic Park. Shekarar farko ya samu baƙi kusan miliyan 11, daga nan adadin ya gangaro zuwa wajen miliyan 8. A 2010 aka ɗauko Tsuyoshi Morioka, masanin talla daga kamfanin P&G, ya ture aƙidar cewa filin na fim ne kaɗai. Dama tun 2007 ana wasan dandamali na One Piece duk bazara. Sai aka kawo Monster Hunter a 2011, da dodanninsa a cikakken girmansu, aka kawo Biohazard, inda ake ba mutum bindigar wasa da harsashi ƙidayayye a tura shi cikin lungu mai duhu. A 2015 aka haɗa su a wani biki na shekara-shekara mai suna Universal Cool Japan, da Evangelion da Attack on Titan. Waɗannan duk na ɗan lokaci ne, masu araha, ana iya kwashe su in ba su karɓu ba. Ga kuma ƙidayar jama'a: yawan yara 'yan ƙasa da shekara 15 a Japan raguwa yake kowace shekara tun 1982. Filin da ya dogara ga yara kasuwarsa tsukewa take. Dole ya nemo abin da zai fito da ɗan shekara 35 daga gida, ko da ɗa ko babu.

Nintendo kuwa ta daɗe tana ƙin bari a taɓa mata jarumai. Fim ɗin Super Mario Bros. na 1993 ya faɗi warwas, kuma ya ba ta kunya, wanda maciji ya sara kuwa in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai da na'urar Wii U ta ƙi sayuwa, kamfanin ya yi shekara uku a jere yana asara a harkarsa, yara kuma suka koma wasa a waya, sannan shugabansa Satoru Iwata ya yarda cewa dole Mario ya nemi mutane a wajen na'ura. A Mayu 2015 aka sanar da yarjejeniya da Universal, wata biyu kafin rasuwar Iwata. Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiri Mario, ya sa ido kan aikin da kansa.

Mai ja zai ce wannan duk tsohon labari ne, Disney ta riga kowa. Tun 1955 Walt Disney ya gina Disneyland da taimakon kuɗin tashar ABC, yana tallata filin a shirinsa na talabijin, kuma sashen Harry Potter da aka buɗe a Orlando a 2010 shi ya nuna wa duniya cewa gina gari guda na labari yana kawo riba. Akwai gaskiya a nan, musamman game da Harry Potter: sashensa na Osaka, da ya ci kusan yen biliyan 45 a 2014, shi ya ɗaga baƙin filin zuwa miliyan 12.7, kuma da wuya Nintendo ta amince da Universal in da ba ta ga wannan aiki ba. Sai dai fim kallonsa ake, wasa kuwa bugawa ake, kuma wannan bambanci ya tilasta sabon gini. Wanda ya shekara 30 yana sarrafa Mario ba zai gamsu a ɗaure shi a kujera a zagaya da shi ba. Shi ya sa ake sayar da wani abin ɗaurawa a hannu mai kama da agogo. Ka ga tubali rawaya mai alamar tambaya, ka naushe shi daga ƙasa, ka ji ƙarar sulalla irin ta wasan, makinka ya hau a manhajar waya. Ka ci ƙananan wasanni ka tara makulli uku, sannan a buɗe maka ƙofar fafatawa da Bowser Jr. Za ka ga dattijo da furfura yana tsalle ƙarƙashin tubali. Disney ta 1955 ba ta da wannan matsala, don haka ba ta da maganinta.

Wani kuma zai ce ai ga fasahar nan, motar Mario Kart da gilashin da ke ɗora hoton kwamfuta a kan abin da ido ke gani. Haka ne, amma a dubi Ghibli Park da aka buɗe a lardin Aichi ranar 1 ga Nuwamba, 2022, a filin baje-kolin duniya na 2005. Babu jirgin lilo mai tsinka zuciya ko ɗaya. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jan mutane shi ne gidan Satsuki da Mei na fim ɗin Totoro, gidan katako irin na shekarun 1950: ka cire takalmi, ka ja aljihun kabad ka ga tufafin yara a ninke, ka leƙa madafa, ka ga famfon rijiya a tsakar gida. Aikin kafinta ne da magini, kuma sai an yi rububin tikiti tun kafin ranar. In da fasaha ce sirrin, da wannan gida bai samu kowa ba, da kuma VR Zone na Shinjuku, wanda Bandai Namco ta cika da sababbin na'urorin gani a 2017, ya zama abin da kowa ke kwaikwayo.

Jayayyar da ta fi nauyi ita ce ƙaunar jarumi kaɗai ba ta riƙe wuri, kuma wannan ba ta da cikakkiyar amsa. J-World Tokyo yana da Dragon Ball da Naruto da One Piece, sunayen da ba su da na biyu, amma ya buɗe a 2013 ya rufe a 2019. Tokyo One Piece Tower ya yi daga 2015 zuwa 2020, annobar korona ta ƙarasa shi. Dukansu a cikin bene suke, kuma ana iya cewa ɗaki mai rufin siminti ba ya zama teku ko ƙauyen ninja komai fentin da aka shafa. Ke nan ana buƙatar fili da jari mai yawa, abin da 'yan kamfanoni ƙalilan ke da shi, kuma mai ziyara ne ke biyan kuɗin: tikitin shiga, tikitin tsallake layi, abin hannu, ga lokacin shiga da ake ƙayyade masa. Duniyar da yaro ya shiga da na'urar da aka saya masa sau ɗaya ta koma wurin da ake biya a kowace ƙofa.

Su kansu masu filayen sun san wane suna ya nuna, wane ne ɗanye, kuma yadda suke kashe kuɗi ya fi bakinsu faɗin gaskiya. A Osaka akwai jirgin lilo guda na cikin ɗaki, Space Fantasy, da ake sauya wa riga: a sa wa mahaya gilashin gani, wata shekara ya zama Evangelion, wata Final Fantasy, a 2021 ya zama jirgin ƙasan Demon Slayer, katun ɗin da bai kai shekara uku a talabijin ba a lokacin, duk da fim ɗinsa ya karya tarihin kuɗin shiga a Japan. Siminti da ƙarfe kuwa sai sunan da ya haye tsara guda. Donkey Kong na 1981 ya samu sashensa a Osaka a Disamba 2024. Mario ya isa Hollywood a 2023, Orlando a 2025. A Maris 2024 Saudiyya ta sanar da shirin gina filin Dragon Ball a Qiddiya, kusa da Riyadh, mai faɗin sama da murabba'in mita 500,000, da dodon Shenron mai tsayin mita 70 a tsakiya. Akira Toriyama ya fara zana labarin a 1984, ya rasu makonni kaɗan kafin sanarwar.