Ƙidayar Ƙabila da Addini: Tarihin Tambayar da Ƙasashe Suka Saɓa a Kanta

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin harshe yakan tarar da alƙaluma mabambanta idan ya nemi sanin yawan Hausawa a duniya. Wannan bambanci yana da tushe a tarihi, domin kowace ƙasa da irin yadda take tambayar jama'arta launin fata da ƙabila da addini. Ita kanta Majalisar Ɗinkin Duniya, a shawarwarinta kan ƙidaya, ta bar wa ƙasashe zaɓi a kan waɗannan tambayoyi.

2.0 Masu Tambaya da Masu Hani

Amurka ta fara rarraba mutane bisa launin fata tun a ƙidayarta ta farko a 1790, amma sai a 2000 aka yarda mutum ya zaɓi rukuni fiye da ɗaya. Ƙidayar tata kuwa ba ta tambayar addini. A Ingila an shigar da tambayar ƙabila a 1991, ta addini kuma a 2001, amma amsa ta addinin ba dole ba ne.

Faransa ta bi wata hanya daban. Rabonta da tambayar addini a ƙidayar ƙasa baki ɗaya tun 1872, sannan dokar 1978 ta hana tattara bayanan asali da addini sai bisa sharuɗɗa masu tsauri. Ba a manta da yadda aka yi amfani da rajistar Yahudawa wajen kama su a Yaƙin Duniya na Biyu ba. A Ruwanda ma, katin shaidar da Turawan Beljiyam suka kawo a shekarun 1930 yana ɗauke da ƙabilar mai shi, kuma da shi aka riƙa tantance 'yan Tutsi a kisan ƙare dangi na 1994. Bayan haka ne aka cire ƙabila daga katin.

3.0 Inda Adadi Ya Zama Siyasa

A wasu ƙasashen, yawan jama'a shi ke raba kujeru da kuɗin gwamnati. Labanan ba ta sake ƙidaya ba tun 1932, saboda rabon muƙamai tsakanin Kiristoci da Musulmi ya dogara ne a kan wancan lissafi. A Nijeriya an soke ƙidayar 1962, aka sake wata a 1963 wadda ta ba da mutum miliyan 55.7, ita ma aka yi ta jayayya a kanta. Ta 1973 kuwa gwamnatin Murtala Muhammad ta soke ta a 1975. Don kauce wa rikici, ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ko addini ba. Ke nan duk adadin Hausawan Nijeriya da ake gani a littattafai a yau kiyasi ne. Nijar kuwa ta yi tambayar a 2001, inda Hausawa suka kai kashi 55 cikin ɗari.

4.0 Matsalar Kalmomi

Binciken da ke ratsa ƙasashe, irin na Afrobarometer da aka fara a 1999, dole ne a fassara tambayoyinsa. A nan mai fassara zai zaɓa tsakanin “ƙabila” da “asali” da “iri” da “yare”, alhali kowace da amsar da za ta jawo. Bafulatanin birnin Kano wanda ba ya jin Fulatanci, idan aka tambaye shi asalinsa zai ce Fulani, idan kuwa harshe aka tambaya zai ce Hausa. A Sudan, sunan “Fallata” ya haɗa Hausawa da Fulani da Barebari. A zangunan Gana kuma, mutane da dama suna rayuwa da Hausa alhali asalinsu Mosi ne ko Zabarmawa.

5.0 Kammalawa

Rashin tambaya yakan ɓoye wariyar da ake yi wa wasu, tambayar kuma tana iya zama makami, kamar yadda aka gani a Ruwanda. Saboda haka, kafin ɗalibi ya kwatanta alƙaluman ƙasashe biyu, ya kamata ya binciki shekarar da aka yi ƙidayar, da hukumar da ta yi ta, da kalmar da aka yi tambayar da ita, da kuma ko mutum ne ya faɗi ƙabilarsa da bakinsa ko jami'i ne ya rubuta masa.